Bikon da Na Yi wa Kaina

A shekarun da salula ta fara shiga aljihun mutane, ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Malbaza, kuma bari in faɗi gaskiya tun yanzu: ba don iya karantarwa aka san ni ba. Da fararen kaya aka san ni. A garin da ƙurar siminti ke sauka har cikin tuwo, ni ne mutumin da ke fita da farar riga da safe ya dawo da ita fara sol da yamma. In motar siminti ta taho, sai in tsallake lambatu, in ba ta baya, in cire hula in rungume ta a ƙirji har ta wuce. 'Yan ajina suna kwaikwayona a bayan idona, na sani, kuma a lokacin daɗi ma nake ji.

Matata 'yar wani jandarma ce da ya daɗe yana aiki a Konni kafin ya aje kaki ya koma gida Damagaram. Shekararmu biyu da aure. Ba ta da yawan magana, ni kuwa abin ya yi mini daidai, don ina da wadda za ta ishe mu mu biyu.

Ranar da mai duba makarantu zai zo lakwal ɗinmu, ta tashi da sassafe tana soya fanke na baƙi. Ina gaban madubi ina kokawa da karin hula, sai na ji ta yi ƙara daga madafa. Na ɗaga murya na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Ba komai." Na karɓi ba komai ɗin da hannu biyu, na ci gaba da hulata. Ashe mai ne ya fantsamo mata a fuska. Ita kaɗai ta je gidan likita, aka shafa mata maganin nan mai launin shuɗi da ake sa wa ƙuna. Kwana tara tana yawo da shi a gidan, tana kawo mini abinci, tana zuba mini ruwa, tana zama gabana ina ba ta labarin yadda mai duba makarantu ya yaba tsabtata. Wallahi ban gani ba. Na san ba za a yarda ba, ni ma da wani ne ya ba ni labarin da ban yarda ba.

A rana ta tara na ɗauko farar rigata, na ga shuɗin tabo a kafaɗa. Raina ya ɓaci. Na fito tsakar gida ina ɗaga rigar, na ce, "Wa ya zuba mini tawada a riga?"

Ta aje tsintsiya. Ta ce, "Tawada?"

Na ce, "Ga ta nan, kina gani!"

Ta ce, "Mushe, kwana tara." Haka take kirana, yadda duk garin ke kiran malamin lakwal. Ni kuwa idona na kan rigar.

Da na dawo da azahar, gidan a share, abinci a rufe, ita kuwa ta shiga motar Damagaram. Maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta katanga ta faɗa mini abin da duk unguwa ta sani ban da ni.

Na buga waya. Ba ta da salula, ta babanta ce kawai a gidan, kuma tsohon jandarma ba ya ɓata kalma. Ya ce tana lafiya, ba ta da magana. Na tura ƙanen babana da goro, ya dawo da goronsa. Na nemi izinin tafiya, shugaban lakwal ya ce jarrabawa ta matso, babu mai motsawa sai hutu. A kira na huɗu surukina ya ce, "Saurara, yaro. Ni ba ni ka yi wa laifi ba, kuma ba tsofaffi take son gani ba. Ta ce in ka san abin da ka yi, ka faɗa mata da bakinka, amma ba ta wayata ba. In watan nan ya mutu ba mu ji komai ba, ka aiko mata takardarta." Ya kashe. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Duk iyayina, ina sonta, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin Mai Gyale. Haka ake kiransa a Konni, ban taɓa jin wani ya faɗi sunansa na yanka ba. Tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne tun zamanin ƙungiyoyin matasa na samariya, kuma shi ke fitowa a mace lokacin da iyaye ba su barin 'ya'yansu mata su hau dandali. Da wasa ya mutu, sai ya samo kamara da kwamfuta daga wancan gefen iyaka, ya buɗe shago yana ɗaukar wasiƙar bidiyo a faifai, ta masu 'yan'uwa a Abijan ko Libiya. To amma mutanenmu, da an kafa musu kamara sai su sandare kamar masu hoton katin ɗan ƙasa, su yi gaisuwa sau bakwai su yi shiru. Shi ne ya ƙirƙiro dabararsa. Sai ya zauna a ƙarƙashin kamarar, ya zama wanda za a aika wa saƙon. In uwa ce ya yafa gyale, in uba ne ya naɗa rawani, ya yi ta amsa maka har bakinka ya buɗe. Dokarsa guda ce: mutum ɗaya ke shiga, ba ɗan rakiya. An ce direbobin manyan motoci, ƙattin gaske, suna fitowa daga ɗakin suna share ido.

Ranar Lahadi na shiga motar Konni, daga tasha kabu-kabu ya kai ni. Shagon na bayan masu sayar da man fetur a kwalba. Ɗaki ne ƙarami, an rataye zane mai hoton gidan sama da itatuwan dabino, ga kamara a kan ƙafafu uku, ga kwamfuta an lulluɓe ta da zanen gado, ga akwatin ƙarfe cike da gyale da huluna da carbi da tabarau marasa gilashi. Shi kuwa ɗan siriri ne mai furfura, haƙoransa jajaye da goro. Ya dube ni sama da ƙasa, ya shaƙi iska.

Ya ce, "Biko na?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Mushe, turaren ga naka, in ba biko ba sai takara." Ya rufe ƙofa, ya nuna mini kujera. "To, ba ni ita."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Hwaɗa mani yadda take. Ƙaƙa take zama? In ta husata, mi take yi da hannunta?"

Na gyara zama, na ba shi labarin ƙunar da tafiyarta a gurguje. Na ce tana son in sa hular nan mai ruwan toka. Na ce ta taɓa cewa duk Malbaza babu mai tafiyata. Na ce in ina magana ba ta katse ni.

Ya tauna goronsa a hankali. Ya ce, "Matarka na tambaye ka, Mushe, kai ko labarinka kake ba ni. To bar wannan. Ƙunar hwa, wane gehe take, dama ko hagu?"

Malamin lakwal ba ya cewa bai sani ba. Na ce, "Dama," da ƙarfi, yadda nake ba 'yan aji amsar da ni ma ban tabbata ba.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya dangwali shunin wanki ya shafa a kumatunsa na dama, ya yafa gyale, ya zura awarwaro biyu, ya zauna a tabarma ƙarƙashin kamarar. Ya ɗan karkace kafaɗa, ya sunkuyar da kai. Kai! Tsohon nan da na gani yanzu ya ɓace. Mace ce zaune, wadda ta gama magana tun jiya, tana jiran ta ji abin da za ka ce.

Da a nan na tsaya, da na tsira. Amma kamarar tana da wani ɗan allo a gefe, kamar tafin hannu, mai juyawa. Na ce a juyo mini shi in duba zaman hulata. Daga cikin gyalen ya ce, "Tagar ga ta ɓata wasiƙu da yawa, Mushe." Na ce kallo ɗaya kawai zan yi. Ya miƙa hannu ya juyo ta.

Jama'a, ni na saba da madubi, amma madubi tsayuwa kake yi ka shirya masa fuska. Wannan kuwa ni ne ina motsi, ina magana, ina ɗaga gira. Ban taɓa ganin yadda nake in ina cewa "ki yi haƙuri" ba, ashe kyau nake yi! Na sake faɗa don in sake gani. Na karkata kai hagu, na ga ya fi, na bar shi a haka. Magana ta yi ta zubowa, Hausa ta littafi, da Faransanci nan da can don surukina ya san ba ƙaramin mutum ya ba 'yarsa ba. Na yi maganar aure da haƙuri da zaman duniya. Har na ɗora hannu a ƙirji, na ga ya dace, na daɗe ban sauke ba.

Da muka gama ya cire gyale ya ce, "Mu sake."

Na ce in gani tukuna. Ya yaye wa kwamfutar zanenta, ya sa mini. Na kalla har ƙarshe, na ce babu abin gyarawa.

Ya ce, "Diba idanunka da kyau."

Na duba. Na ce, "Ai lafiyarsu lau."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya juye a faifai, ya sa a leda. Da kaina na kai wa direban motar Damagaram, ina tafe ina lissafin ranar da za ta iso.

Bayan mako guda direban ya aiko mini da ƙunshi. Na kwance shi a ɗakin malamai, gaban kowa, don na tabbata albishir ne. Ɗan madubi ne a ciki, irin mai jan baki na roba da ake sayarwa a faranti, da takarda da rubutunta. Ta ce: "Mun kalla, ni da Inna da Baba. Mun ga kana ta lallashin wani a gefe, kuma da alama kun shirya. Ga shi na aiko maka shi. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Abokin nan nawa ya karanta ta bayan kafaɗata, ya fita waje da gudu don kada ya yi dariya a gabana. Ina jin sa ta taga. Watan kuwa saura kwana goma sha ɗaya ya mutu.

Ban jira Lahadi ba. Ana tashi daga aji na kama hanyar Konni, na faɗa shagon ko sallama ban gama ba. Na ce kamararsa ta karkace mini ido, ya jawo an mayar da ni abin dariya a gidan surukai. Na faɗi maganganu da dama, wasu da Faransanci.

Mai Gyale ya yaye zanen gadon. Ya kunna kwamfuta, ya nemo hotona, ya ce, "Zamna. Yanzu kada ka dubi mai hula. Ruhe idonka, saurara kawai."

Na rufe don in nuna masa ba ni da abin tsoro. Na ji muryata tana tashi tana sauka. Sai a ƙarƙashinta na ji wata 'yar murya, ta mace, a hankali: "Mushe." Muryata ta bi ta kanta ta wuce. Na ji ƙarar awarwaro. Can kuma: "Mushe, ga ni nan." Ban tsaya ba, ina kan maganar zaman duniya. Daga baya har da shessheƙa, da "Dube ni mana," ni kuwa a daidai nan ne na ɗora hannu a ƙirji.

Na buɗe ido. Na ce, "Yaushe ka faɗi wannan?"

Ya ce, "Ina zamne gabanka, taki biyu. Sau biyar na kira ka. Sun ji can Damagaram, kai ɗai na ba ka ji ba."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa nauyi. Ba faifan ya fi ci mini rai ba. Tunanin da ya zo mini shi ne, a cikin kwana taran nan, sau nawa ta kira ni haka?

Na ce, "Baba, mu sake." Ban san lokacin da ya tashi daga mai shago ya koma Baba ba.

Ya ce, "Mu sake. Amma ni ba ni iya zama ita, don ba ka ba ni ita ba." Ya danna ɗan allon ya rufe shi ƙam. Ya ɗauki gyalen ya yafa wa kamarar kanta, ya ja shi ta nan ya soke ta can, har ya zama ido ɗaya kawai ke waje, kamar amarya tana leƙe. Shi kuma ya koma bayanta ya zauna inda ba na ganinsa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar kabu-kabu a waje. Na kalli baƙin idon nan, babu kowa a ciki, ba ni, ba ita.

Sai muryar nan ta fito daga bayan gyalen, a hankali: "Dama ko hagu?"

Na buɗe baki in ce dama. Na kasa. Na ce, "Ban sani ba."

Abin da ya biyo baya ba zan iya kawo shi daki-daki ba, don ban ga kaina ba, kuma ban shirya ko jimla ɗaya ba. Na tuna na ce ban san gefen ba, ban san girman ƙunar ba, ban san da ƙafa ta je likita ko an ɗauke ta ba. Sai wasu abubuwa suka riƙa zuwa mini da ban san na adana su ba: tana hura shayi ko ya huce, tana cire takalmi ɗaya ta taka shi da ɗaya ƙafar in tana tsaye tana jira, in za ta yi dariya sai ta fara duban ƙasa. Na faɗe su yadda suka zo, ba tsari. Zufa ta jiƙe ni. A wani wuri na cire hula na share fuska da ita, hular da ko ruwan sama ba ya taɓawa.

Da ya kashe kamarar, na zauna ina maida numfashi. Hali dai hali ne, ban cika minti biyu ba na ce, "To, in gani."

Ya ce, "A'a."

Na ce, "Hotona ne fa!"

Ya ce, "Wasiƙa ta wanda anka aika ma ta, Mushe. Ka ga ta hwarko, mi ta ƙare ka da shi?" Ya juye a faifai, ya goge na cikin kwamfutar ina kallo, ya sa ledar a aljihunsa. Shi da kansa ya taka har tasha ya ba direba, ni ina biye da shi kamar ɗan aji da aka kama da laifi.

Kwana shida ban ji komai ba. Na bakwai, da la'asar, ina zaune a tsakar gida ina gyaran takardun jarrabawa, na ji sallama. Ƙanwar innar matata ce a gaba da kaya a ka, ita matar tawa kuma a baya. Ta tsaya a bakin zaure, ta ja gyale ta rufe kumatu biyun, idanu kawai a waje. Na miƙe, takardu suka zube.

Ta ce, "Mushe, dama ko hagu?"

Ƙanwar innar ta kau da kai tana danne dariya. Ni kuwa shaiɗan ya raɗa mini cewa tunda biyu ne kawai, in canka mana. Na haɗiye. Na ce, "Ban sani ba. Nuna mini."

Ta sauke gyalen. Hagu ne. Tabon ya taso daga kusa da kunne, ya bi saman kumatu, ya tsaya dab da ido. Tsakaninsa da idon bai kai faɗin yatsa ba. Ta ce mutumin likita ya ce da ya ƙara kaɗan da shi ke nan. Ta faɗa ne kawai, ba da fushi ba. Na zauna daɓas a ƙasa, a cikin ƙurar siminti, da farar rigata. Babu wanda ya ce in tashi.

Shagon Mai Gyale bai daɗe ba bayan haka. Salula mai kamara ta zo, kowa ya samu tasa 'yar tagar a tafin hannu, babu mai bukatar tsoho ya yafa masa gyale. Yanzu in na ga yaranmu suna magana da 'yan'uwansu na nesa ta waya, ina lura da inda idonsu yake, kuma na san wa suke kallo. Ba na cewa komai, wa ya kai ni.

Faifan farko yana nan. Matata ta sa an juye mata shi a waya don kada ya lalace, kuma duk baƙon da ya kwana biyu a gidanmu sai an nuna masa. 'Ya'yanmu sun haddace shi, ƙaramar har ɗora hannu take a ƙirji in an aike ta ba ta son zuwa. Ɗan madubin mai jan baki yana rataye a madafa, ta ce nan ne wurinsa.

Na biyun kuwa ban taɓa gani ba. Yana ƙasan akwatinta cikin wani tsohon ɗankwali, ko yaran ba su san da shi ba. Shi kaɗai ne hotona a duniya da ban duba ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana cina har yau. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, tana tsince shinkafa, na ce, "Wai don Allah, a wancan ɗin, yaya na fito?"

Ta dubi ƙasa tukuna, na san dariya na tafe.

Ta ce, "Ka yi muni ƙwarai, Mushe. Amma ni kake kallo."